Kwana shida a Mombasa, daga hazon Kaduna zuwa bakin teku

Shekara biyu muka yi muna zubin adashe, ni da uwargida, da niyyar ranar da muka kwasa za mu kai yara su ga teku. Babbar 'yarmu ce ta jawo. Wata rana ta dawo daga makaranta ta ce, "Abba, wai da gaske akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa?" Duk ruwan da ta sani bai wuce kogin Kaduna ba, in muna tsallaka gada za mu Barnawa. Da maganar tafiya ta fita, 'yan'uwa suka yi ta cewa me ya hana Dubai. Wani abokina da aiki ya taɓa kai shi Kenya shi ya karkato da ni. Ya ce, "Malam, ka tafi Mombasa. Kiran salla zai tashe ka da asuba, kuma ba za ka yi ta bincike kafin ka kai loma baki ba."

Shirin bai yi wuya ba, amma yana son a fara da wuri. Bayan fasfo, kowannenmu sai da ya mallaki katin rigakafin shawara, har ƙaramin yaron. A farkon 2024 Kenya ta koma ba da izinin shiga ta intanet maimakon biza, shi muka cika muka biya; irin wannan doka tana sauyawa, don haka mai niyya ya duba wadda ake ciki kafin ya sayi tikiti. Kuskurena na farko shi ne zaɓen ƙarshen Disamba. Na duba hutun makaranta ne kawai, ban san lokacin ne mutanen Nairobi ke kwararowa bakin teku ba. Kuɗin ɗaki ya hau, kujerar jirgin ƙasa kuma da ƙyar muka samu guda huɗu a tarago ɗaya.

Daga tashar Rigasa muka shiga jirgin ƙasa zuwa Idu, hazo ya rufe gari, yara sun sha rigunan sanyi. Daga Abuja jirgin sama ya ajiye mu a Addis Ababa, muka canja zuwa Nairobi, muka kwana. Da gangan na ƙi sayen tikitin jirgin sama har Mombasa, domin ina son yara su hau jirgin ƙasan nan da ake kira Madaraka Express, wanda ya fara aiki a 2017. Tafiyar kusan kilomita 470 ce, awa biyar zuwa shida, kuma layin ya ratsa gandun dajin Tsavo. Ta taga muka ga giwaye, jikinsu ja wur saboda jar ƙasar da suke birgima a ciki, ga jakunan dawa suna kiwo. Ƙaramin yaron ya manne da gilashi ya ƙi cin abinci. Wannan shawara kam na dace da ita.

Muna sauka a tashar Miritini zafi ya tare mu. Zafin Kaduna na watan Afrilu busasshe ne, ka shiga inuwa ka sarara. Na Mombasa jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya bushewa, ko a inuwa yana biye da kai. Shaddodin da na ɗinka musamman don tafiyar a akwati suka yi zamansu, na koma jallabiya mara nauyi. Leɓen yara da hunturu ya farfasa kuwa, kwana biyu ya warke.

Masaukinmu yana Bamburi, arewa da tsibirin da tsohon garin yake. Mun isa da la'asar, ruwa ya cika har gindin bishiyoyin kwakwa, yarinyar nan ta tsaya ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta ɗanɗana ta tofar, ta ce, "Abba, gishiri!" Washegari da hantsi muka fito da shirin wanka, sai muka tarar babu ruwa. Ya janye can nesa, ya bar farin rairayi da ciyayi da ƙananan kududdufai, ga kwale-kwale a zaune a kan yashi. Yaron ya fashe da kuka, a zatonsa wani ya kwashe.

Wani dattijo mai gyaran raga, da hularsa irin ta mutanen gaɓar, shi ya yi mini bayani da gaurayen Turanci da Larabci. Ruwan yana tafiya ya dawo sau biyu a kwana guda, kuma kullum yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Da na tambaye shi yadda yake sanin lokacin, sai ya tambaye ni nawa ga wata. Lissafin wata yake bi, irin wanda muke duba azumi da salla da shi: in wata ya tsaya ko ya kai sha huɗu, ruwan yakan cika sosai ya kuma janye sosai, har bambancin ya haura mita 3, a tsakani kuma sai ya lafa. Na daɗe ina jin cewa wata ne ke jan ruwan teku, amma ban taɓa zaton zan ga mutumin da abincinsa ya rataya a kan wannan ba. Daga ranar, kafin mu tsara komai sai na duba jadawalin ruwa da ake liƙawa a masauki.

Janyewar ruwan tana da nata daɗin. Ana iya takawa a ƙasa har kusa da wani shingen duwatsun murjani da ya yi wa gaɓar katanga, wanda shi ke karya manyan igiyoyin ruwa tun daga nesa. A nan muka yi kuskure na biyu. Mun ga ana sayar da takalman roba a bakin ruwa, na ɗauka neman kuɗi ne kawai, na ce ba ma so. Ba mu yi nisa ba yaron ya taka wata baƙar halitta mai ƙayoyi kamar bushiya, ƙayoyin suka kakkarye a diddigensa. Kukan da ya yi har yau ina jin sa. Wasu matasa suka ɗauko shi, suka shafa masa ƙaron ɗanyen gwanda kamar yadda suka saba yi, muka wuce kantin magani aka wanke aka duba. Kwana biyu yana ɗingishi. Uwarsa ba ta ce mini komai ba, da yamma dai ta sayo takalma ƙafa huɗu.

Sai maganar agogo. Kenya tana gaban Najeriya da awa biyu, wannan waya ta gyara da kanta. Abin da waya ba ta gaya mini ba shi ne Waswahili suna da nasu lissafin. Na yi ciniki da mai kwale-kwalen da gindinsa gilashi ne, ana kallon kifaye ta ƙasa. Ya ce "saa tatu", ya ɗaga yatsu uku. Muka je ƙarfe uku na rana, ba shi ba alamarsa. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga: bakwai na safe ita ce awa ta ɗaya, don haka "saa tatu" tara na safe ke nan. Mutumin ya jira mu har ruwa ya kusa guje masa. Da na natsu sai na ga hikimar abin, domin garin yana dab da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara. Na ba shi haƙuri, ya ce "pole", kalmar da suke faɗi kamar yadda muke cewa sannu, muka sake sa rana, wannan karon na nuna masa lambar a fuskar waya.

Akwai abin da ya kamata in faɗa wa magidanci ƙarara. Bakin ruwan manyan otal-otal wuri ne na baƙi daga Turai, da shigarsu ta wanka da kwalabensu, kuma wasu wuraren cin abincin suna ajiye naman alade a gefe guda da rubutu a kai, sai ka karanta ko ka tambaya. Uwargida ta takura a rana ta farko, ta zauna a ɗaki. Mai keke, wanda su suke kira tuktuk, shi ya kai mu bakin ruwan jama'a na Jomo Kenyatta, nan kusa. Can muka ga matan gari suna shiga ruwa da dogayen rigunansu da lulluɓi, kakanni a kan tabarma, yara a cikin tayoyin haya. Nan ta saki jiki, ta shiga har gwiwa, ta riƙe hannun 'yarta suna dariya. Masu talla da masu neman kai ka yawo suna da naci, amma in ka ce "hapana, asante" ka wuce, sukan ƙyale ka. Ka dai yanke farashi kafin ka hau komai, ko raƙumin da ake zagayawa da yara ne.

Amma inda zuciyata ta tsaya shi ne cikin tsohon gari, kuma na yi nadamar kwana uku da na bari kafin in shiga. Lunguna ne matsattsu, gidaje masu ƙofofin katako da aka sassaƙa, ƙamshin kanumfari da gahawa ko'ina. Kunnena ya yi ta tsintar kalmomin gida: alhamisi, ijumaa, asubuhi, sadaka, dunia, sukari, habari, sabuni. Larabci ya zo mana ta hamada a bayan raƙuma, su kuma ya zo musu ta ruwa a jiragen da iskar damina da ta rani ke kaiwa da komowa. A masallacin Mandhry, wanda ake danganta gininsa da 1570, na shiga sallar azahar, na juya gabas yadda jikina ya saba, sai wani yaro ya taɓa kafaɗata ya nuna mini sahu. Alƙiblarsu arewa take, domin Makka tana saitin kansu ne. Mu da muke cewa mutum ya fuskanci gabas in ana nufin salla, ranar na gane gabas tamu ce kawai, Ka'aba ita ce ta kowa. Shafi'awa ne, limaminsu yana bayyana Bismilla, da asuba kuma ana ɗaga hannu a yi alƙunuti a bayyane. Haka matafiyin nan Ibn Battuta ya same su da ya kwana a garin a 1331.

A bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa akwai ganuwar Fort Jesus, wadda Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593 da dutsen murjani. Larabawan Oman sun ƙwace ta a 1698 bayan sun yi mata ƙawanya kusan shekara uku, Ingilishi kuma suka mai da ita kurkuku, yanzu tun 2011 tana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su. Ina tsaye a kan katangar ina kallon mashigar ruwa, sai na tuna Lugga, wanda ya zaɓi Kaduna ta zama hedikwatar Arewa, daga wannan gari ya kama hanyar Yuganda a 1890 yana ma'aikacin kamfanin Ingila na gabashin Afirka, tun kafin ya san ƙasar Hausa. Na gaya wa yarinyar, ta ce, "Mai Lugard Hall?" Na ce shi fa. Abin da ya sosa mini rai shi ne yadda 'yan makaranta ke shigowa layi-layi da malamansu, ga ganuwar Zazzau nan kusa da mu tana zaizayewa, ban taɓa kai nawa yaran ba.

Abinci kuwa a gari yake. Biryani da pilau, mahamri mai kama da fanke da ake ci da wake dafaffe cikin madarar kwakwa, tsiren da suke kira mishkaki, da ɗanyen kwakwa da ake fasa maka ka shanye ruwan ka kankare cikin. Da yamma a filin Mama Ngina muka zauna muna cin soyayyen rogo da barkono da lemun tsami, muna kallon jirgin fiton Likoni yana kwasar dubban mutane, masu tafiya a ƙasa ba sa biyan ko sisi. Abin da muka ci mu huɗu a gari bai kai kuɗin farantin mutum ɗaya a masauki ba. Kusan kowa da M-Pesa, tsarinsu na biya ta waya, yake karɓar kuɗi, har mai rogo, don haka layin waya na can ya yi mini amfani. Dala na riƙo daga gida na canja, naira ba ta da kasuwa a wurin.

Mun dawo Kaduna hazo bai tafi ba. Na kai wa Hajiya tsarabar alewar Mombasa da kayan ƙamshi a Tudun Wada, yara suna rige-rigen ba ta labarin giwaye da ƙayar da aka taka. Ita duk ba wannan ya dame ta ba. Ta sa na maimaita mata maganar alƙibla har sau biyu, ta yi shiru, sannan ta ce, "To, kai da ka juya gabas, ka riga ka kabbara ne ko yaron ya tare ka da wuri?" Na ce ya tare ni, Hajiya. Ta ce, "Allah ya yi masa albarka," ta miƙa hannu ta gutsiri alewar.