Neman ɓoyayyen akwati a tuddan yashin Formby

Na fara wasan Geocaching a cikin gari, inda ake manna ɗan gwangwani mai maganaɗisu bayan allon titi. Da na kai shi gaɓar tekun Formby da Ainsdale, arewa da Liverpool a Ingila, sai na tarar dabarun gari ba sa ci a nan. Wasan dai sananne ne: wani ya ɓoye akwati, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi da GPS ka nemo, ka sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, ka mayar yadda ka same shi. An soma shi a watan Mayun 2000, da Amurka ta daina dagula siginar GPS ta farar hula, Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon.

A fili kan yashi, wayata takan kai ni kusa da wurin da tazarar mita 3 zuwa 5. Da zarar na shiga ƙarƙashin itatuwan fain, masu ganye kamar allura, kuskuren yakan kai mita 10 ko fiye, kibiyar da ke nuna hanya a wayar ta yi ta juyawa. Rassan ne ke tare siginar tauraron ɗan'adam. Abin da ya yi mini magani shi ne in tsaya a fili kamar mita 30 daga wurin, in lura da inda kibiya ta nuna, in zaɓi itace guda a kan layin, sannan in koma wani gefe in sake. Inda layukan biyu suka haɗu, nan nake sa wayar a aljihu in fara aiki da ido. Abin dubawa shi ne abin da bai dace da wurin ba: sanduna uku da aka jera daidai a gindin kututture, ko ɓawon itace da aka kifa kan rami.

Kuskurena na farko shi ne bin kibiya kai tsaye a kan tudu. Mita 200 a taswira kan zama hawa da sauka uku cikin yashi mai zamewa, ga ɓarna. Ciyawar maram ce ke riƙe tuddan da saiwarta. Idan ƙafafu suka kashe ta, iska ta samu ƙofa, sai ta kwashe yashin ta bar rami. Yanzu hanyar da aka tanada nake bi har sai tazarar ta daina raguwa, sannan in ratse. Kwaruruwan da ruwa ke kwanciya tsakanin tuddai kuwa ba na taka su ko kaɗan daga Afrilu zuwa Yuli, domin nan kwaɗon nataja, mai ratsin rawaya a gadon baya, yake zuba ƙwai, kuma doka ta kare shi. Akwai ƙadangaren yashi a tuddan, akwai jan kurege a dajin.

Tono haramun ne a wasan. Idan ka ga kanka kana yaye yashi da hannu, to ba nan ba ne, ko kuma akwatin ya tafi. Gaɓar Formby teku na cin ta kowace shekara, tuddai na matsowa cikin daji har suna binne itatuwa, don haka akwatin da aka ajiye gefen teku ba ya daɗewa. Kafin in fito nakan karanta bayanan mutum biyar na ƙarshe. Idan uku a jere sun ce ba su gani ba, ba na ɓata tafiya. Ni ma in na rasa, nakan rubuta hakan, ta nan mai akwatin zai san ya kamata ya je ya duba.

Yashi da danshin gishiri su ne ajalin akwati. Ƙwaya kaɗan a bakin murfi ta isa ta hana zoben robar rufewa, ruwa ya shiga, littafi ya zama kunu. Nakan share bakin da yatsa kafin in rufe. Fensir nake ɗauka, biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda, da hantsaki na zaro takardar da aka naɗe cikin ƙananan akwatuna, da batirin ajiya, da taswirar da na sauke tun daga gida saboda sabis yakan ɗauke a kwari. Dogon wando a cusa cikin safa, a kuma duba jiki da yamma saboda kaska.

Mai son ɓoye nasa sai ya fara neman izinin masu wurin, wato ƙungiyar National Trust a Formby, hukumar Natural England a gandun Ainsdale, ya bar aƙalla mita 161 tsakaninsa da akwati mafi kusa. Ya ɗauki lambobin wurin sau da yawa a ranaku daban-daban, ya fitar da matsakaicinsu, ya kuma zaɓi gindin itace kusa da hanya, inda mai nema zai miƙa hannu ya ɗauka ba tare da ya taka ciyawa ba.