Kwana biyu a Dagona, ni da kyamara da hazo

Ƙarshen Janairu na tashi daga Kano, na bi ta Haɗeja na kwana Nguru, da asuba muka kama hanyar Gashuwa zuwa Dagona. Wanda bai san wajen ba, dausayi ne a ƙasar Bade cikin jihar Yobe, ɓangare ne na fadamar Haɗeja da Nguru, kuma duk shekara idan sanyi ya kama Turai tsuntsaye ke ƙetaro Sahara su sauka nan. Har mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, marigayi Yarima Philip, ya taɓa zuwa kallonsu a 1989.

To ni dai abin da ban shirya masa ba shi ne hazo. Mun isa bakin ruwa wajen ƙarfe bakwai, rana ta fito amma kamar farin faranti aka rataye, kana iya kallonta ido da ido, sama fari ruwa fari, ba ka ma gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ga kirinjijiya nan garke guda suna ta fito, ga ɗinya can nesa, na ɗaga kyamara na danna na danna, da na duba wallahi duk baƙaƙe suka fito kamar an yanko su daga kwali. Dalili kuwa ita kyamara idan ta ga fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage da kanta, tsuntsun da ke tsakiya shi ke shan duhu. Sai da na ƙara haske da hannu, mataki ɗaya da rabi wani lokacin biyu, sannan farar fuskar kirinjijiya ta fara fitowa. Fokas ma wahala, lensi ya yi ta kai da komo yana neman abin kamawa.

Mai kwalekwalen da ya ɗauke ni dattijo ne masunci, yana ta kallona ina fama, can ya ce "Malam, ka bar na nesan nan, ƙura ce tsakaninku, bari in kai ka gindin kacalla." Ya tura gora a hankali ba ko motsin ruwa, ya juya mu rana ta koma bayanmu. Kacallar nan ita ce ciyawar da mutanen yankin suke kuka da ita, ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye wuraren kamun kifi da gonaki tun da madatsun Tiga da Challawa suka canja yadda ambaliya ke zuwa, raina bai so yadda na ga ta mamaye ko'ina ba, amma duhunta ne ya ba ni bangon da nake nema.

A nan na samu taka-a-baɗo. Bai fi taku goma da mu ba, jikinsa ja-ja kamar ƙasar tukunya, goshi shuɗi, ga yatsun nan dogaye zara-zara yana ɗora su kan ganyen baɗo, ganyen ya ɗan nutse ruwa ya hau kansa sai ya ɗaga ƙafa ya koma na gaba. Na kwanta rub da ciki a kwalekwale, ruwan da ke ƙasa ya jiƙa min riga sanyi kamar ƙanƙara, na sa shata, wato saurin ɗaukar hoto, a 1/1600 na daƙiƙa don kada hoto ya yi rawa, saboda kwalekwale ba ya tsayawa cak. Kuma fa hazon da nake ta tsinewa shi ya taimaka, ba inuwa mai kaifi, kowane gashi ya fito.

Washegari iska ta kwashe hazon, ƙarfe goma sha ɗaya rana ta buɗe tarwai, sai matsala ta juya. Balbela da fararen zalɓe duk suka ƙone a hoto, fari fat ba ko layin fiffike, nan kuma ragewa na yi ta yi, na nesa kuwa hucin zafi ya sa hotonsu rawa. Ƙarfe goma sha biyu na haƙura, na naɗe kyamara a rawani saboda ƙura, lensi ma ban yarda na canja a fili ba. Muka zauna gindin gawo da Baba mai kwalekwale muna cin gasasshen kifi, yana nuna min da baki inda agwagin Turai ke sauka idan la'asar ta yi sanyi, ya ce in jira.