Lambobin da muke cewa na boko

Ranar Juma'a da daddare ɗana yana shirya jakar Islamiyya sai ya zo min da Alƙur'aninsa, wai Baba malam ya ce shafi na 56 za mu haddace amma inda ya sa min alama 07 nake gani. Na karɓa na duba, ٥٦ ne a rubuce. Yaron da gaskiyarsa fa, biyar ɗin zagaye ce kamar sifirinmu, shidan kuma sak bakwai. Sai ya ce to me ya hana su rubuta da na boko kawai? Wannan "na boko" ɗin ne ya tsaya min a rai, don ni ma haka na taso ina ji, 1 2 3 na Turawa ne, ١ ٢ ٣ kuma namu na Musulunci.

Alhali Turawan da kansu lambobin Larabawa suke ce wa 1 2 3 ɗin. Su kuma Larabawa ba su taɓa cewa su suka ƙirƙira ba, hisabin Indiya suke kiransa tun farko, kuma wallahi wannan amanar tasu ta ilimi tana burge ni. A Indiya abin ya faro. Wani masanin lissafi ɗan Indiya, Brahmagupta, tun shekarar 628 ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifiri, a garin Gwalior ma akwai rubutu a jikin dutse na shekarar 876 da aka sa 270 da ɗan zagayen sifirinsa a ƙarshe.

Daga nan sai Bagadaza. Wajen 825, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafi kan lissafin Indiyawa, shi ne fa wanda daga sunansa aka samo kalmar algoridim da 'yan kwamfuta ke ta faɗa yau. To da abin ya bazu a ƙasashen Musulmi sai rubutun ya rabu biyu, gabas wajen Masar da Sham suka riƙe ١ ٢ ٣, yamma kuma Magrib (su Maroko da Aljeriya) da Andalus (Sifen ta zamanin Musulmi) hannunsu ya karkata wata siffa daban da suke kira gubar, wato ƙura, saboda a kan faifai mai ƙura ake lissafin, a rubuta da yatsa a shafe a sake, kamar dai yadda yara ke zane a ƙasa. Wannan gubar ɗin shi ne kakan 1 2 3. Shi ya sa har yau in ka je Maroko ko Aljeriya su za ka gani a jarida da jikin kuɗi, ba kuma aro suka yi ba.

Wanda ya tallata su a Turai sosai ɗan Italiya ne, Fibonacci, kuma a Afirka ya koya, a garin Bijaya na Aljeriya inda babansa ke aiki da fatake. A 1202 ya fitar da littafinsa, amma sai da aka ɗau ɗaruruwan shekaru kafin mutanensa su saki I, V, X nasu na Rumawa.

Kalmar sifiri ma haka ta yi yawo. Indiyawa sun ce shunya, wato wofi, Larabawa suka fassara sifr, mu muka karɓa kai tsaye kamar yadda muka karɓi ashirin, talatin, hamsin, Turawa kuma suka lanƙwasa ta har ta zama ziro.

Sannan don Allah hoton nan da ke yawo a WhatsApp, wai kowace lamba an zana ta ne da yawan kusurwoyinta, a daina turawa. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu suna nan kuma ba haka siffarsu take ba.

Shi dai yaron na zana masa layi biyu a bayan littafinsa, sama ٠ zuwa ٩, ƙasa 0 zuwa 9, na ce uwarsu ɗaya. Ya daɗe yana kallon ١ da ٩, sai ya ce Baba ai waɗannan ko canjawa ba su yi ba.