Wasiƙa daga Minnesota: fentin robar da ake ɗayewa daga jikin mota

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Katsina. Ina gaida kowa, ya zafi, ya iyali. Tun ranar da na sa hoton motata a Facebook ta koma baƙa wuluk, alhali kun san ta fara ce, saƙo bai yanke ba. Ƙanena ya tambaye ni sau uku wane irin fenti ne wannan, haka ma wani abokina mai fenti a wajen Ƙofar Ƙaura. Bari in amsa gaba ɗaya, har da batun aikowa.

Roba ce ruwa-ruwa da ake fesawa a kan fentin motar na asali. In ta bushe sai ta zama fata, ranar da ka gaji da ita ka kama gefe ka ja, ta taso kamar ana fiɗar rago, fentin ƙasa yana nan yadda yake. Wadda ta fi suna ita ce Plasti Dip, kamfaninta yana garin Blaine, arewa da Minneapolis inda nake. Tun 1972 ake yin ta, da farko don a tsoma mariƙin filaya da sauran kayan aiki.

Sanyi ne ya fi wahalar da ni. A Nuwamba na fara, cikin garejin da ba abin ɗumama ɗaki, kuma a nan Nuwamba ta fi tsakiyar hunturunmu nesa ba kusa ba. A Janairu kuwa awo yana sauka ƙasa da sifili da 20, numfashinka ma ya daskare a gemu. Gwangwanin ya riƙa tofo robar ɗigo-ɗigo, bonet ya yi kaushi kamar sanfefa. Yatsana ya ƙage a kan abin dannawa, sai in sa hannu a hammata in jira. Wani maƙwabcina dattijo ne ya leƙo, ya ce in jiƙa gwangwanayen a bokitin ruwan ɗumi tukuna. Nan take feshin ya daidaita. Shi ya gaya mini dalilin da mutanen nan ke fesa wa rim ɗinsu: gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe.

Kuskurena na biyu tsumulmula. Sau uku kawai na fesa wa ƙofa ɗaya, da na zo gyarawa ta ƙi ɗayewa, sai gutsuri-gutsuri, na wuni ina kankara da farce. Sau biyar ko shida ake so, ana barin kamar rabin sa'a tsakani, kuma motar a wanke take tas, ba maiƙo ba danshi. Mota sukutum ba aikin gwangwani ba ce, sai galan-galan da injin feshi.

To ku a gida ba sanyi ne zai dame ku ba, ƙura ce. Wanda ya fesa a fili lokacin hazo, duk abin da iska ta kwaso zai zauna cikin robar. A nemi shago a rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa. Sannan fetur yana narkar da ita. Ina tuna yadda 'yan bumburutu ke ɗura mai da mazurari yana zuba a bakin tanki, wurin nan ne zai fara lalacewa. Masu wankin mota ma a ce musu soso mai laushi, ban da buroshi. Da ni ne, rim huɗu zan fara yi, in ga yadda za su sha ranar Afrilu kafin in taɓa jikin motar.

Kar a manta takardu. Launin mota a rubuce yake a cikinsu, kuma daga Katsina zuwa Daura ko Jibiya kun san yawan shingayen da ke hanya. Mota baƙa da takarda mai cewa fara, bayani ne mai tsawo a bakin titi. A Ingila doka ce ka sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci ta can, in ka canja launi. A je ofishin lasisi a gyara tun kafin a hau hanya.

Ƙanena, batun in taho maka da gwangwanaye da Sallah ba zai yiwu ba, kayan kama wuta ne, ba a yarda a sa su a jakar jirgin sama ba. Farashi kuma sai wasiƙa ta gaba. A gaida Hajiya.