Tabon Farfela a Bayan Kifin Wel

Jiragen ruwa biyu gare ni, ƙanana, da ma'aikata shida. Muna kai kayan masarufi ga manyan jiragen dakon kaya da suka yi anga suna jiran layin shiga tasha, idan kuma lokacin wucewar kifin wel ya zo, mu ɗebi masu yawon buɗe ido su je kallo. Kifi dai muke ce masa, amma shayar da ɗansa yake yi, kuma tilas ya taso sama ya shaƙi iska. Saman ruwan nan kuwa shi ne titinmu.

Na daɗe ina ɗora laifin banke wel a kan manyan jirage, kuma suna da nasu kason. Jirgin kwantena mai tsawon mita 300 in ya banke wel, matuƙin ko a jikinsa. Wani lokaci sai an shigo tasha ake ganin gawar sargafe a goshin jirgin.

Wata safiya muka makara da kaya, na ce wa direbana ya ƙara wuta. Muna cikin zabga gudu sai ya daka tsawa: "Maigida, uwa da ɗa!" Ya ja injin baya, kwalaye suka zube. Uwar wel ɗin ta taso daf da mu, ta fesar da numfashi mai ƙarni har a fuskata, ɗan na manne da gefenta. A gadon bayanta na ƙirga tabo biyar a jere, fari fat, kamar an tsaga da wuƙa. Direban ya auna tazarar da ido, ya ce, "Wannan ba aikin babban jirgi ba ne. Farfela irin tamu ce." Ban ce uffan ba har muka isa.

Gudu ne ke kisa. Shi ya sa tun 2008 Amurka ta hana jirage masu tsawon ƙafa 65 zuwa sama wuce kimanin kilomita 18 da rabi a awa a wasu yankunan gabar gabashinta, a watannin da wani nau'in wel na arewacin Atlantika ke wucewa. Nau'in nan bai kai 400 ba a duk duniya. Nawa jiragen ba su kai tsawon nan ba, amma ni ma wannan ma'aunin gudun na ɗauka. Wasu wuraren hanyar ce aka gusar: a 2003 an karkatar da layin jirage a mashigin Fundy na Kanada, a 2022 kuma kamfanin jiragen dakon kaya na MSC ya matsar da hanyar jiragensa kudu da inda shuɗin wel ke kiwo a gabar Siri Lanka.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ƙarar jirage. Na sayi makirufo na ƙarƙashin ruwa don baƙi su ji kukan wel, sai ga shi abin da muka fi ji rugugin jirgin da ko hango shi ba ma yi. Farfela in tana juyi da ƙarfi kumfa take haifarwa, fashewar kumfar ce ke cika ruwa da hayaniya. Wel kuwa da kunne yake rayuwa, da shi uwa ke neman ɗanta. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, da zirga-zirga ta ragu a Fundy, masu bincike sun tarar sinadarin damuwa ya ragu a kashin wel ɗin wurin.

Tafiya a hankali tana ci mini lokaci. Zuwa huɗu da nake yi a yini ya koma uku, ko da yake dizal ya ɗan yi auki. Baƙi ma sukan yi ƙorafi, kowa na son a matsa ya samu hoton Facebook. Ba na barin a kusance su ƙasa da mita 100, in akwai ɗa kuwa mu ƙara nisa, mu kashe inji. Makon jiya wani ya ce in mayar masa da kuɗinsa tunda wutsiya kawai ya gani. Na mayar masa da rabi.