Buluzon da abin da ke bayanka

Jama'a tunda sanyi ya shigo Yamai kowa ya fiddo buluzon ɗinshi, wasu na gwanjo daga Katako wasu sabo dal, status duk ya cika da hotuna. To ni dai yanzu in aka turo hoto ba rigar nike fara dubawa ba, bayan mutum nike kallo.

Nawa buluzon ruwan ƙasa ne, in na jingina da katangar laka sai ni da bango mu zama abu guda, kai kawai ake gani yana yawo. Baƙin buluzon kuma in rana na bayanka shi ke nan, waya ta bi hasken sama ta bar fuskarka cikin duhu, ga ƙurar hunturu ta maida sama fari fat. Wani abokina ya sha kwalliya, zip har wuya, gilashi, hannu cikin aljihu, amma bayanshi buta ce da igiyar shanya, zanen Hajiya na lilo, akuya ta saƙo kai tana tauna leda. Wallahi ba wanda ya yi zancen rigar, akuyar aka yi ta tambaya nawa ce.

Ni wurin da ya fi min shi ne bakin kogin Isa bayan la'asar, rana a gabanka, ruwa da kwalekwale a baya, gadar Kennedy can nesa, tun 1970 take nan amma har yau tana gyara hoto. Kuma don Allah masu ɗaukar mu, ku riƙa cewa malam matsa kaɗan, falwaya na fitowa daga kanka.