Ƙyauren Lambu: Daga Dirka Ake Farawa

Ni da yarana biyu muke riƙe da ɗan shagonmu na kafinta, kuma a 'yan shekarun nan aikin da ya fi zuwa mana shi ne ƙyauren shingen lambu. Mutane na ganin ƙaramin aiki ne. Ni ban taɓa raina shi ba, domin shinge a tsaye yake wuri ɗaya, ƙyaure kuwa kullum ana buɗe shi ana rufewa, ga rana, ga ruwan sama, ga yaran da ke lilo a kai.

Idan aka kira ni gyara, ba ƙyauren nake fara dubawa ba. Dirkar da aka rataye shi a jiki nake kamawa in girgiza. Galibi a nan ciwon yake. Dirka tana son kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ya shige ƙasa: idan mita 1.2 ake so a sama, to ramin ya kai santimita 60. Mukan zuba tsakuwa a gindin ramin don kada ruwa ya kwanta, mu tsayar da dirkar da lebur, wato ma'aunin da ke nuna ta miƙe daidai, sannan mu zuba kankare, mu ɗan tudunta samansa yadda ruwa zai gangare. Ba ma rataya komai sai an kwana biyu zuwa uku. Masu ba mu aikin kan ƙagu, amma ba na sassautawa a nan.

Ƙyauren kansa ba shi da wuya. Faɗin santimita 90 zuwa mita ɗaya ya ishi baro ya wuce. Katako biyu a kwance, sama da ƙasa, sai a jera falankai a tsaye a kansu. Kafin in ɗaure, nakan auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In awon ya zo daidai, ƙyauren bai karkace ba. A bar kamar santimita ɗaya tsakaninsa da dirka, domin katako na kumbura idan ya sha ruwa, a kuma ɗaga shi santimita 5 daga ƙasa.

Sai tokara, katakon nan da ke ratsawa a karkace. Wannan ita ce ta koya mini darasi. Farkon fara sana'ata na yi wa wani dattijo ƙyaure, na sa tokarar a juye. Bayan 'yan watanni ya aiko a kira ni. Na tarar bakin ƙyauren ya sunkuya, ya zana rabin da'ira a ƙasa saboda ja, sakata kuma ta daina shiga raminta. Dattijon ya ce, "Ɗana, sai na ɗaga shi da hannu biyu yake rufuwa." Raina ya ɓaci ƙwarai, na kwance shi na sake a ranar, ban karɓi ko sisi ba.

Ga yadda abin yake: tokarar katako tana tashi ne daga ƙasa ta gefen hinji, ta haura zuwa sama ta gefen sakata. Haka nauyin bakin ƙyauren ke danna ta, ita kuma ta kai shi ga dirka. In aka juya ta, nauyin jan ta zai riƙa yi, ƙusoshi su yi ta saki a hankali. Waya ce kaɗai ake ɗaurawa ta ɗaya hanyar, tunda ita ja take iya ɗauka. Duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, sai ya zana mini wannan a ƙasa da yatsa kafin in ba shi zarto.

Hinji nakan zaɓi mai dogon harshe, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙyauren, in ɗaure shi a kan katakon kwance da sukuru marar tsatsa. Kusa da bakin katako sai na fara hudawa, in ba haka ba tsagewa yake yi. Kan dirka kuma ina yanke shi a gangare, in shafe shi da fenti sosai, don ta wurin yanka ne katako ya fi shan ruwa. Inda gara ta yi yawa, maganinta nake fara shafawa kafin dirkar ta taɓa ƙasa.

Idan mun gama, nakan buɗe ƙyauren rabi in sake shi. In ya tsaya inda na bar shi, bai ruga ya rufe ba, bai kuma wangale ba, sai in kira mai lambun ya zo ya gwada sakatar da hannunsa.